Yadda ake gane gansakuka mai dafi kafin a shiga ruwa, daga bakin kogin Yamai har bakin teku

Daga watan Maris zuwa Yuni, idan zafi ya haura digiri 40 a Yamai, bakin kogi ne mafakar jama'a. Ranar Lahadi matasa kan nufi Bubon da sauran wuraren da yashi ya fito, mata suna wanki, makiyaya suna shayarwa, yara kuwa ba mai iya raba su da ruwa. A daidai wannan lokaci ne kogin Isa yake ja baya ƙwarai. Manya suna tune da 1985, shekarar da ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai. Ko a shekarar da ba ta kai haka ba, ruwan yakan yayyanke ya bar kududdufai tsakanin yashi da duwatsu, ba shiga ba fita, rana tana dafa su tun safe. A jihar Tawa ma haka tabkuna suke tsukewa kafin damina, daga Tabalak zuwa Ɗan Dutsi, har madatsun ruwan da ke shayar da gonakin Ƙonni.

Irin wannan ruwa ne gansakuka take so. Mafi yawan koren da muke gani ƙazanta ce kawai da santsi. Amma akwai wani iri da masana ke kira sayanobakteriya, ƙwayoyin halitta ne ƙanana da ido ba ya ganin ɗayansu sai sun taru, kuma wasu daga cikinsu suna haɗa dafi. Wani dafin hanta yake kamawa, wani jijiyoyi, wani fata. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawaki da karnuka da suka mutu bayan sun sha daga tabkin Alexandrina a Ostireliya. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar suka ɗora laifin a kan wannan dafi da ke cikin kududdufan da suke sha. Abin da ya kayar da giwa ba zai bar akuya ba, balle yaro mai shekara biyar.

Abin da ya fi damuna shi ne duk dabarun da muka gada na gyara ruwa, tafasawa da tacewa da ƙyalle da jefa alif, ba sa kawar da wannan dafi. Ido da hanci su ne kariyar, kuma kafin a taɓa ruwan ake aiki da su.

Mataki na farko: tsaya daga sama ka duba

Kada ka sauka kai tsaye. Nemi tudu ko gaɓa mai tsawo inda za ka hango faɗin ruwan, domin daga bakin ruwa hasken rana yana ɓoye launi. Ka duba abu uku. Launin ruwan: kore shar, ko kore mai ratsin shuɗi, wani lokaci ja-ja ko ruwan ƙasa mai duhu wanda ba na laka ba. Saman ruwan: ko akwai yanar da ta kwanta, ko ratsi-ratsi da iska ta ja, ko ƴan ɗigo-ɗigo kore da suke yawo a ciki. Sai gaɓa: ko akwai kumfa mai kauri, ko busasshen ɓawo mai shuɗi-shuɗi ko fari a inda ruwa ya janye. Idan abin ya yi ƙarfi ruwan yakan koma kamar miyar kuka, da mutum zai tsoma hannu zuwa wuyan hannu ba zai ga yatsunsa ba. Masana suna da ma'auni mai sauƙi a nan: mutum ya tsaya ruwa iya gwiwa, in koren ya hana shi ganin ƙafafunsa, wurin ba na wanka ba ne. Kai ba sai ka shiga ba, sanda mai farin ƙyalle a baki ta isa.

Lura da inda iska take kaɗawa, don a nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Waɗannan ƙwayoyi suna da ƴan jakunkunan iska a jikinsu, shi ya sa idan dare ya yi tsit ba iska sukan taso sama su kwanta. Da safe iska ta tura su gefe guda, su taru a lungu ko a gaɓar da iskar ta nufa, yawansu a wurin ya ninka na tsakiyar ruwa sau ɗaruruwa. Wannan lungu marar zurfi shi ne inda ake zaunar da ƙananan yara saboda tsoron nutsewa, shi ne kuma inda tumaki ke sa baki. Wurin da ka gani garau jiya da la'asar yana iya wayar gari kore, na yau kuma ya watse kafin azahar ba don dafin ya tafi ba. Dubawa ta kowace zuwa ce.

Sannan ka shaƙa. Warin ɗanyar ciyawa da aka yanka ya yi yawa, ko warin ruɓa, ko na kwata, duk alama ce. Matattun kifi a gaɓa, ko tsuntsu, ko kare da ya mutu kusa da ruwa, sun isa ka juya da iyalinka ba tare da wani gwaji ba.

Mataki na biyu: gwajin sanda da gwajin kwalba

Ba kowane kore ba ne abin tsoro, kuma wanda yake rayuwa da ruwan nan kullum yana buƙatar ya iya bambancewa. Kainuwa da sauran ciyayin da ke yawo a kogi suna da ganye da saiwa, ka ɗaga ka gani, ba su ake magana ba.

Samo sanda doguwa mai ƙarfi. Ka tsaya inda ba santsi, iska tana bayanka, ka tura sandar cikin koren ka ɗago a hankali. Idan ta fito da zare-zare masu tsawo suna reto, wannan gansakukar zare ce ta yau da kullum, galibi ba ta da dafi. Idan kuwa koren ya shafe sandar ya manne mata, ba zare, ko kuma ya watse ya bar ruwan da ɗigo-ɗigo sandar ta fito babu komai, to ka ɗauka mai dafin ce. Akwai kuma wadda take shimfiɗa a ƙasan ruwa a kan dutse ko laka, baƙi-baƙi ko kore mai duhu, mai yauƙi da warin ƙasa, tana ɓallewa tana tasowa gutsure-gutsure. Ita ma a guje ta, karnuka suna son lasarta kuma ta sha kashe su.

Gwajin kwalba na masu zama kusa da ruwan ne, masu lambu da makiyaya da masunta. Nemi kwalba mai haske da murfi. Sa leda a hannu, ka ɗebo ruwan daga ɗan ƙasa da saman, kada ka kwaso yanar zalla. Cika kashi uku cikin huɗu, ka rufe, ka goge bayanta, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu inda ba mai girgiza ta kuma yaro ba zai kai hannu ba. Masu firigo suna sa ta cikin leda su ajiye a ciki, nesa da abinci. Da safe ka duba ba tare da ka motsa ta ba. In koren ya kwanta a gindi, alama ce ta gansakukar yau da kullum. In ya taso ya yi zobe a saman ruwan, ƙwayoyin nan masu jakar iska ne. Ruwan ka zubar a rami ka rufe, kwalbar kuma kada ta koma ta shan ruwa.

Waɗannan gwaje-gwaje biyu iri suke nuna maka, ba yawan dafi ba. Yawan dafi sai ɗakin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga mikrosistin, dafin da ke kama hanta: mikrogaram 1 a lita ga ruwan da ake sha yau da gobe, 24 ga ruwan wanka. Mikrogaram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, harshe ba ya jin sa. Saboda haka idan sanda ta ce mai dafi ce, ka yarda da ita. Idan ta ce ba ita ba ce amma ruwan yana wari ko akwai mataccen kifi, ka yarda da hancinka.

Wani zai ce ai a ƙasar Kanem ta Cadi mata suna kwasar koren tabki su shanya su yi miya da shi. Gaskiya ne, dihe ke nan, kuma dangin sayanobakteriya ne. Amma iri ne sananne da yake fitowa a tabkunan kanwa, waɗanda suka gaji sana'ar sun san shi. Bai zama hujjar amincewa da koren kududdufin bayan gari ba.

Mataki na uku: abin da za a hana

Idan ruwa ya faɗi gwaji, ba wanka, ba iyo, ba wasan fantsama. Yara ne farko, don suna haɗiyar ruwa idan suna wasa, jikinsu kuma ƙarami ne. Faɗa musu dalili, kada ka tsaya ga tsawa, domin yaron da aka kora ba bayani zagayawa yake ya shiga ta wani gefen. Mai kwalekwale da masunci da dole sai sun ratsa su kauce wa inda yanar ta taru, su wanke hannu da ƙafa da ruwa mai kyau idan sun fito, kada su ci goro ko abinci da hannun da ya jiƙe.

Alwala tana da nata bayani. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ce ruwan da gansakukar da ta tsiro a cikinsa ta canja masa launi bai rasa tsarkinsa ba. Wannan hukunci ne na tsarki. Cutarwa wata magana ce, kuma alwala tana kai ruwa baki da hanci da ido. Ka taho da butarka cike daga gida. Wanda yake daji ba shi da wani ruwan ya tambayi malaminsa hukuncin taimama a irin wannan hali tun kafin buƙata ta taso.

Dabbobi sun fi mu shiga haɗari, don suna shan da yawa lokaci guda kuma daga bakin gaɓa. Makiyayi ya riga garken isa ruwa ya duba. In da hali a shayar a rijiya. In babu, a zagaya gefen da iska take fitowa, inda ruwan ya fi haske, a ɗebo a zuba a kwami nesa da gaɓa. Busasshen ɓawon nan na gaɓa yana riƙe dafinsa tsawon lokaci, awaki kuma suna lasarsa, a kore su daga wurin.

Mataki na huɗu: ruwan sha da na girki

Nan ne ya kamata a buɗe kunne. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin kwalara da na zawo, amma mikrosistin ba ya jin wuta. Zafi fasa ƙwayoyin yake, dafin da ke cikinsu ya fito, ruwa ya ragu ta tururi, dafin ya ƙara kauri. A watan Agusta na 2014 an hana mutane kimanin 400,000 shan ruwan pampo na kwana uku a birnin Toledo na Amurka, sanarwar kuma ta ce kada a tafasa. Ƙyalle ba ya tare shi. Alif yana kwantar da ƙwayoyin, ya bar dafin da ya riga ya narke. Ruwan jabel da ake ɗigawa a gida ba abin dogaro ba ne a nan, yana iya fasa ƙwayoyin bai kuma gama da dafin ba. Manyan tashoshin tace ruwa suna da matakai da awon da gida ba shi da su. Ko a can in aka yi sakaci abin yana kisa: a 1996 a garin Karuwaru na Barazil, masu wankin ƙoda sama da 50 suka rasu saboda ruwan da aka yi musu aiki da shi ya fito daga madatsa mai wannan dafi.

Saboda haka a canja mashaya: pampo, rijiyar burtsatse, ko rijiya mai kyau. Ƙauyen da tabki ne kaɗai abin dogaronsu, tsohuwar dabarar gina ƴar rijiya a yashi nesa da gaɓa ta fi ɗiba kai tsaye nesa ba kusa ba, don ruwan da ya ratso ta ƙasa ya baro ƙwayoyin a baya, dafin ma yana raguwa a hanya. Gwargwadon nisa da gaɓa gwargwadon amfaninta. Wannan ruwan kuma a tafasa shi ko a sa masa magani saboda sauran cututtuka. Jarirai da masu ciki da masu ciwon hanta ko ƙoda a nemo musu ruwan da ba na tabkin ba ko da saye ne.

Masu lambun bakin kogi, idan ruwan da kuke ja ya yi kore, ku zuba a gindin shuka, kada ku yayyafa a kan ganyen salati da sauran abin da ake ci ɗanye. Mai saye kuma ta wanke da ruwan pampo sosai.

Kifi: wanda aka tarar ya mutu yana yawo ba a ci, ba a banda shi a kai kasuwa. Sau da yawa rashin iskar shaƙa ne yake kashe su da asuba idan gansakuka ta cika ruwa, amma ba mai iya rabewa da ido. Wanda aka kama da rai, karfasa ko tarwaɗa, a feɗe a zubar da kayan ciki gaba ɗaya, musamman hanta, a cire kai, a wanke tsokar da ruwa mai kyau. Ƙananan kifin da ake soyawa dungurungum a bar su har ruwan ya gyaru. Kayan cikin a binne, kada a jefa wa kare ko kaji.

Mataki na biyar: idan an riga an shiga

Fito da mutumin, a cire tufafin da suka jiƙe, a wanke jiki duka da ruwa mai kyau da sabuni. A kula da inda tufa ta matse, ƙugu da hammata, don a nan ƙwayoyin suke maƙalewa su ƙona fata. Ido a zuba masa ruwa mai tsabta na ƴan mintoci. Kada a sa yatsa a maƙogwaro don a yi amai, kada a ɗura madara ko man ja da sunan karya dafi.

Sai a sa ido kwana biyu zuwa uku. Ƙaiƙayi, ƙuraje, jan ido, ciwon maƙogwaro, ciwon ciki, amai da zawo su ne suka fi yawa, kuma sukan wuce. A riƙa ba da ruwan gishiri da sukari. Alamomin da ba a jira da su kuwa: ɗimaucewa, jin leɓe ko yatsu sun mutu, dalalar miyau, rawar jiki, kasala mai tsanani, wahalar numfashi, amai da ya ƙi tsayawa, fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi rawaya. A tafi asibiti nan take. Wannan dafi ba shi da makari, taimakon da likita zai yi wa numfashi da hanta shi ne magani, kuma da wuri yake amfani. Ka gaya wa likita ainihin abin da ya faru, wane ruwa, wace rana, an haɗiya ko ba a haɗiya ba, ka nuna hoton ruwan in ka ɗauka a salula. Ba tare da wannan bayani ba abin yana kama da zazzaɓin cizon sauro ko shawara.

Dabbar da ta sha takan fara dalala, tangaɗi, ta faɗi tana shure-shure, wani lokaci cikin awa guda. A janye sauran garken daga ruwan tukuna, a kira likitan dabbobi. Na san al'ada ita ce a yi sauri a yanka kada ta zama mushe, asarar kuma ba ƙarama ba ce. Duk da haka kada a ci naman ko a sayar sai likitan ya gani, hanta da kayan ciki kuwa a binne.

Ga masu zuwa bakin teku

Ƴan kasuwa da direbobi da ɗalibanmu da ke zuwa Lome, Kwatano, Abijan ko Dakar ba sa rasa leƙa bakin teku. Can ma akwai nasu iri. Wasu ƙwayoyin sukan yawaita har ruwan ya koma ja ko ruwan ƙasa. A jihar Fulorida ta Amurka, inda abin ya yi tsanani a 2018, igiyar ruwa tana fasa ƙwayoyin iska ta kwaso dafin, mutum yana tsaye a yashi bai taɓa ruwa ba ya kama tari da hawaye. A kusa da mu, a 2020 da 2021 masunta sama da dubu a Senegal suka dawo daga teku da ƙuraje masu zafi a fuska da hannuwa, binciken da aka fitar a 2025 ya gano dafin wata ƙwayar gansakukar teku ce.

Dokar ɗaya ce da ta kogi: ka duba launi, ka duba matattun kifi, ka tambayi masuntan wurin, ka karanta allon gargaɗi in akwai. In ka ji maƙogwaro yana ƙaiƙayi kuma na kusa da kai suna tari, ku bar wurin, mai asma ya fara tafiya. Abincin teku masu ɓawo biyu, dangin makankari, tace ruwa suke su tara dafin a jikinsu, dafuwa da gashi ba sa kashe shi, don haka kada ka saya a wurin da ruwa ya canja launi.

Akwai kuma sargasum, ciyawar teku mai ruwan ƙasa da take taruwa tuli a gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011. Ɗanyarta ba ta cika cutarwa ba. Idan ta kwana biyu a rana ta fara ruɓa sai ta riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai sa ciwon kai da tsananta asma. Kada a shimfiɗa tabarma kusa da tulin, kada yara su yi wasa a kai. Igiyar ruwan Lome da Kwatano kuma tana da ja ƙwarai ko ruwan yana garau, wanda ya koyi iyo a kogi kada ya gwada ƙarfinsa da ita.

Sanarwa, da ranar komawa

Ruwa ba ya tsami banza. Abincin gansakuka shi ne takin zamani da ruwa ya wanko daga gonakin shinkafa da albasa, kashin dabbobi a mashaya, garin sabunin wanki, da ruwan kwata irin wanda Gunti Yena take kwasowa daga tsakiyar Yamai zuwa kogi. Mai lambu da ya rage barbaɗa taki dab da gaɓa, da mai wankin mota da ya ja baya daga ruwa, sun taimaka. Wanda ya ga kore mai alamar dafi kuma ya ɗauki hoto da kwanan wata da sunan wurin, ya kai wa mai gari ko mai unguwa, ofishin magajin gari, ma'aikatan gandun daji da na kiwo. Sanarwar liman bayan sallar Juma'a da ta rediyon gari sun fi allo isa ga makiyaya.

Watsewar kore ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Lokacin da ƙwayoyin ke mutuwa ne suke sakin dafin cikin ruwa, shi ya sa ruwa kan yi haske alhali bai gyaru ba. A ƙirga mako biyu daga ranar da aka daina ganin yana da wari kafin a mayar da yara da dabbobi, in ta sake fitowa a soma ƙirga daga farko. A kogi, jan ruwan damina na Agusta da Satumba yana wanke kududdufan ya haɗe su da gudu. Tabkin da ba shi da mafita sai ya cika sosai tukuna, kuma ruwan farko da ke kwaso taki daga gonaki yana iya tayar da sabon kore bayan laka ta kwanta, don haka a ci gaba da gwajin sanda har cikin kaka.